Kabarin Inna a Kangon Maƙera

Mahaifina maƙeri ne, mahaifinsa ma haka. Ni ne aka fara yin asara da ni, aka kai ni boko. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da labarin ƙasa a makarantun Gusau, har na ajiye alli na zauna a ɗan gidana na Damba. Sai bayan na yi ritaya aka tambaye ni inda kabarin mahaifiyata yake a cikin gidan da aka haife ni, na kasa nunawa.

Wanda ya yi tambayar taubashina ne, ɗan goggona, mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba tsokana ba. Ƙauyenmu yana can gaba da 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe. Shekarun baya 'yan bindiga suka tashe shi, mutane suka watse, wasu Tsafe, wasu Gusau, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Da abin ya ɗan lafa, magidanta kaɗan suka koma, har da shi, don a birni ba a ba mutum abinci saboda ya iya noma. Gonakin nesa babu mai zuwa. Abin da ake nomawa shi ne na bakin gari, inda in an ji ƙarar babura za a iya rugawa gida. Kangon gidanmu kuwa a bakin garin yake, ƙasa ce da ta sha toka da taki tun zamanin kakanni. Cikin bazara ya kira ni a waya.

"Ɗan boko, ina son in shuka gero cikin kangonku. Ka nuna man inda Inna take in bar mata wurinta. Ban son in sa galma bisa kanta."

"Kai da kake can ba ka sani ba?"

"Ni sadda anka rufe ta ina wurin ci-rani. Kai hwa? Ko ba a rubuta ma shi cikin littahi ba?"

Ba a rubuta ba. Inna ta rasu da tsakiyar damina, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Maƙabartar garinmu tana hayin rafi, rafin kuwa ranar ya cika har ya shiga gonaki, babu mai iya ƙetare shi da makara. Dattawa suka ce a rufe ta a gida kamar yadda ake yi wa mutanen da. Ni sai bayan kwana uku saƙo ya same ni. Na iso da farin wandon makaranta, Baba ya kama hannuna ya zaga da ni bayan ɗakinta, ya nuna mini sabuwar ƙasa a gindin magarya. A wajen kai ya kafa guntun sifirin babbar mota, irin ƙarfen da yake sara yana ƙera galma da shi, tsawon kamu biyu, ya buga shi da masaba har sai da ya rage taƙi ɗaya a waje. Wasu fasasshiyar tukunya suke sawa, ko reshen itace. Baba bai yarda da abin da gara ko kofaton jaki zai iya gamawa da shi ba.

Shekara da shekaru ban buƙaci ƙarfen nan ba. Ka shiga zaure, ka wuce maƙera, ka bi bayan rumbu, ga ɗakin Inna, ga magarya. Ko ido a rufe zan je. Ashe da gini kawai nake gane hanya. Da gari ya tashi, aka kwashe kwanon rufi da ƙyamare, damina ta yi ta bi ta kan bangon ƙasa har ya koma inda aka ɗebo shi. Masu gawayi suka sare magaryar, suka tone har kututturen. Ran da na je dubawa na tarar da fili mai tudu-tudu, tumfafiya ta tsiro a inda nake zaton nan muke cin tuwo. Na auna gabas da yamma, na yi taku, na zana a takarda. Zanen ya yi kyau, da ɗalibi ne ya kawo mini shi da na ba shi maki mai yawa. Bai nuna mini komai ba.

A kan hanyar komawa na biya Tsafe wurin yayata. Ta girme ni da shekara tara, kuma tana cikin matan da suka yi wa Inna wanka. Yanzu tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗanta, yanar ido ta rufe mata gani, gwiwoyi sun ƙi.

"Yaya, daga ƙofar ɗakin Inna zuwa wurin, taku nawa ne?"

"Wa ka ƙirga taku cikin gidan ubanai? Ka zagaya bayan ɗaki, ka bar rumbu ga hagu."

"Babu ɗakin, Yaya. Babu rumbun."

"To magaryar hwa?"

"An sare."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "To ka biɗi ƙarhen Baba. Shi ba ya zuwa ko'ina." Da na tashi tafiya ta laluba ta kama bakin rigata. "Kada ka bari a yi huɗa bisa Inna ina da rai. In na mutu ku yi abin da kunka ga dama."

A Zamfara ba sai an yi wa mutum bayanin na'urar gano ƙarfe ba. Tun da aka fara haƙar zinari kowa ya san ta, sanda ce mai faifai a ƙasa, ana yawo da ita bisa ƙasa, in ta ji ƙarfe ta yi kuka. Na taɓa karantawa cewa a wasu ƙasashe tsofaffi 'yan fansho irina suna zagaya bayan tsofaffin gidaje da ita, suna tono maɓallai da makullai don nishaɗi, babu mai ko waiwayarsu. Na ɗauka ni ma zan iya zama irin wannan tsohon.

Wani direba ya kwatanta mini wani mutum a Bungudu da ke da ita yana son rabuwa da ita. Ya bar haƙa tun da rami ya rufta da ƙaninsa, ya koma sayar da rake a bakin titi. Ya ɗauko ta daga ƙarƙashin gado, nannaɗe a tsohon zane, ya dubi hulata da biron da ke aljihuna.

"Malam, wane daji za ka?"

"Ba daji ba ne. Kabarin mahaifiyata nake nema."

"Allah shi jiƙan ta," in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Kowa da irin tashi. Ni sadda niz zo saye cewa niy yi rijiya zan gina."

Ya faɗa mini gaskiya cewa abin sawa a kunne ya ɓata tun a daji, don haka kukanta a fili take yi, kowa ya ji. Na ce ba komai. Wannan gargaɗi biyu ke nan a zama ɗaya, dariyarsa da maganar kukan, na ji su duka da kunnena, na biya, na ɗauki kayana.

Na yi mako guda ina koyo a tsakar gidana. Littafin da ke tare da ita na karanta shi sau biyu, har na ja layi a ƙarƙashin kurakuran Turancinsa. Na binne cokula da ƙusoshi da murfin tukunya, ina bi ina gano su. Ana riƙe faifan kusa da ƙasa, a riƙa kai shi dama da hagu a hankali kamar mai sharar da ba ta son tayar da ƙura. Ƙaramin abu kukansa gajere, babba kukansa ya yi tsawo da kauri. Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Malam, in ka gama gano cokulana ka maido mini su, da su nake aiki."

Maƙwabcina Kirista ne mutumin Filato, ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma gyaran rediyo. Ya leƙo ta katanga ya saurara, sannan ya ce, "Malam, kawo ta in haɗa maka abin kunne. Kwana biyu kawai. Wannan kukan zai tara maka mutane." Na gode masa, na ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, taubashina na jiran ruwan shuka, ba ni da kwana biyu. Gargaɗi na uku ke nan.

Ranar kasuwa na bi motar safe, na'urar a cikin buhu. Hantsi ya yi na isa kangon. Na haɗa ta, na yi bisimilla, na aza faifan a inda zaure yake a da. Ta ƙwala kuka. Na matsa taku ɗaya, ta sake. Na juya hagu, kuka. Na koma dama, kuka. Na kashe ta na kunna, na rage mata ƙarfi kamar yadda littafi ya ce, ta ci gaba kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Na durƙusa na tona da hannu, sai ga baƙin dunƙule mai ƙofofi-ƙofofi. Kashin maƙera, dattin ƙarfen da ke fita daga wuta. Kakana ya zubar da shi a gidan nan, Baba ya zubar, da shi ake cike rami, da shi ake daɓe bakin ƙofa, har cikin tushen bango ana zuba shi. Littafin bai yi maganar gidan maƙera ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni da na tashi ina taka abin nan ba takalmi har yana yanka ni, ban tuna da shi ba sai da na'ura ta tuna mini.

Kafin in ɗaga kai mutane sun taru a bakin kangon. Yawancinsu ban san su ba, samari ne da magidanta da suka dawo, da waɗanda suka baro ƙauyukan da suka fi namu shiga daji. Da dama cikinsu sun taɓa zuwa wurin haƙa. A can mutum yakan yini yana yawo da na'urar nan ba ta ce uffan ba, ran da ta yi kuka sau ɗaya a yanka akuya. Ga ta nan a gabansu ta ƙi yin shiru.

Sai ga taubashina da galma a kafaɗa, tun daga nesa yana ɗaga murya.

"Jama'a, ku zo ku ga ɗan boko! Shekara da shekaru shina cin albashi bai ishe shi ba, ya zo kwasar zinarin kakanninmu. Kai, ina rabona?"

Tsakanin taubasai ba a barin magana ta faɗi ƙasa. In ya jefo ka rama, in ka yi shiru an ce ka yi fushi, ko boko ya sa ka girman kai. Bakina ya riga hankalina.

"Ka yi haƙuri in cika buhun tukuna," na ce. "In na juye sai in ba ka buhun ka yi riga."

Aka yi dariya. Na lura ba kowa ya yi ba. Sai na gyara murya na yi musu bayani dalla-dalla, yadda nake yi a aji: ambaliyar rafi, magarya, ƙarfen sifirin, gonar da za a shuka. Wani dattijo ya ce shi ya tuna an taɓa rufe wata mata a gidan maƙera. Sauran suka gyaɗa kai irin na ladabi. Wani dogo mai tsagen fuska, da ya tsuguna yana kallon faifan tun ɗazu, ya ce a hankali, "Malam, kabari ba ya kuka haka."

Na yi aiki har azahar ta gota. Na daina kula gajeren kuka, na riƙa bin mai tsawo da kauri. Wurare uku na tona sama-sama, na sami guntun uwar maƙera, da ƙafar keke, da gindin tukunyar ƙarfe. Sauran wurare biyar kukansu daga ƙasa sosai yake fitowa, ƙarƙashin bangon da ya zube, suna bukatar a kwashe ƙasar a hankali, ba da garaje ba, tunda ba a san abin da ke ƙasa ba. Direban motar da ta kawo ni kuwa ya ce shi kafin la'asar zai bar garin, ko uwarsa ba zai jira ba. Sai na tattaro duwatsu na kewaye kowane wuri. Akwai guntun alli a aljihuna, ban taɓa rabuwa da shi ba. Na rubuta lamba a kan duwatsun, ɗaya zuwa biyar, manya-manya yadda na bayan aji zai gani. Na ce wa taubashina sai kasuwa mai zuwa.

Kasuwa mai zuwa ban je ba. Hanya ta ɓaci, direbobi suka ƙi bi, waya ma ta daina shiga. Sai da aka yi mako uku, har an yi ruwan farko a Gusau, sannan wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. Bai ce ɗan boko ba.

"Malam, ka zo."

Tun da aka haife mu bai taɓa kirana Malam ba.

Daga bakin hanya na hango jar ƙasa tsibi-tsibi. Kangon ya koma ramuka, wasu iya gwiwa, wasu iya ƙugu, ruwan sama ya kwanta a cikinsu. Guda biyar sun fi sauran, kowanne ya wuce tsayin mutum, an fafe gefensu ta ƙasa yadda ake yi a wurin haƙa. Duwatsuna suna nan a warwatse. Ruwa ya wanke allin, amma na huɗu ana iya karanta shi.

Taubashina ya ba ni labari yana kallon ƙafafunsa. Washegarin tafiyata mutum biyu suka fara, da rana tsaka, ya kore su. Kwana biyu suka dawo su goma. Ya kai ƙara wurin mai gari, mai gari ya kira su, suka ce ai Malam da bakinsa ya ce buhu zai cika, kuma ya sa lamba don kada ya manta, maganar kabari kuwa don a ji tsoro ne, kowa haka yake yi. Daga nan labari ya tsallaka ƙauyuka. Kwana tara suna tono, suna cika buhuna, suna kaiwa rafi suna wankewa a kwano. Ba su sami ko ƙwayar da za a sa a ido ba. Suka watse. Mai gari ya ce a gode wa Allah da masu babura ba su ji ba, kuma ya roƙe ni kada in sake shigo masa gari da abin nan.

Ƙarafan da aka tono an tara su wuri ɗaya aka sayar wa 'yan gwangwan. Kafin su ɗauka taubashina ya bincika tsibin. Ya kai ni ɗakinsa, ya janyo abu daga bayan buhuna. Guntun sifirin ne, ya yi tsatsa, an lanƙwasa shi wurin cirewa, kansa a baje inda masaba ta sha dukansa.

"Daga wane rami?"

"Wani ya ce na biyu. Wani ya ce na huɗu. Saura sun ce su ba su ma zo wurin ba."

"Ba wanda ya ga wani abu? A ƙasa?"

"Ba wanda yac ce ya gani."

Ni da shi mun san zurfin kabari, mun kuma ga zurfin ramukan.

Na so in yi fushi, na nemi wanda zan yi da shi. Dogon nan mai tsage ya zo da kansa, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da ni. Ƙasusuwan wuyansa ana iya ƙirga su. Ya ce, "Malam, wallahi mun ɗauka rowa kake. Da mun tabbata, ai mu ma musulmi na." Na ce masa ya tashi. Shi da wasu mutum huɗu suka kama mana aka mayar da ƙasa a ramuka, wadda ta rage, don mai yawa tana rafi.

Da aka gama taubashina ya tsaya a tsakiyar filin. Kowa ya riga ya yi shuka, shi kaɗai ya rage, gidansa kuwa cike da bakin ci. In aka bar kangon duka, ba shi da inda zai noma sai gonar nesa, wadda mutum biyu suka tafi bara ba su dawo ba. In aka shuka, galma za ta bi ta kan Inna, in har tana nan. Bai tambaye ni ba, ya dai tsaya. Na ce, "Shuka." Ya ce, "Duka?" Na ce, "Duka."

Na'urar tana nan a ɗakin ajiya. Mutum uku sun zo har Damba neman haya, ban san yadda aka yi suka ji ba. Da na hana su, ɗaya ya ce ai dama an ce na samu na ɓoye.

Na yi kwana biyu ina tsara yadda zan faɗa wa Yaya, daga ƙarshe na faɗa mata yadda abin ya faru, ban rage komai ba, har allin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kai da hannunka ka nuna masu." Na ce e. Ta ce, "Kuma kac ce a shuka." Na ce e. Ta juya fuskarta wajen bango. Har yau in na je tana amsa gaisuwa, ta tambayi iyali, shi ke nan.

Geron ya yi kyau, an ce ba a ga irinsa a garin ba a shekarar, ƙasar ta sha juyi. Da kaka taubashina ya aiko da buhu biyu ta hannun direba, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya, ba wasiƙa, ba saƙon zolaya. Yaya ta ce a mayar masa, ba za ta sa shi a baki ba. Ɗanta ya ce to. Ya fito da ni waje ya nuna mini ɗakin hatsinsu, babu komai a ciki sai kwanon awo, ya ce, "Kawu, in maida?" Na kau da kai. Ya ja buhun ya kai ɗakin matarsa.

Watan jiya na je gaishe ta na tarar an dama mata fura. Ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu tana sha a hankali. Ta ce geron nan mai kyau ne, ta daɗe ba ta sha irinsa ba, ko na san inda suka saye shi. Na ce ban sani ba.